Caffa ba ta cin mulki

Wani ɗalibin tarihi daga Zariya ya rubuto: "Malam, mece ce caffa? Wanda ya yi ta, shi ke nan ya rasa mulkinsa?"

Ɗana, caffa ita ce ka kai kanka wurin wanda ya fi ka, ka ce ni naka ne. 'Yar uwar mubaya'a ce, sai dai mubaya'a aro ce daga Larabci, a can tushenta ɗaya da kalmar saye da sayarwa. Amma raba sarauta da mulki. Sarauta rawani ce da suna. Mulki kuwa, wa ke da mayaƙa, wa ake kai wa haraji.

Tunda tarihin Turai kake karantawa, duba Odowaka, wani jagoran mayaƙa a Italiya. A 476 ya tuɓe sarkin Rum na yamma, wani ɗan yaro, ya tattara kayan sarauta ya aika wa Zeno, sarkin Rum na gabas, a birninsa Kustantiniya, wai sarki ɗaya ya isa. Caffa ke nan. Duk da haka Italiya ba ta bar hannunsa ba sai da Tiyodorik, sarkin ƙabilar Got, ya kashe shi a birnin Rabena a 493. Kulobis, sarkin ƙabilar Faranka a ƙasar Faransa ta yau, ya fi ba ni dariya. A 508 Sarki Anastasiyus na Kustantiniya ya aiko masa da takardar girmamawa, sai ya yafa alkyabba shunayya a garin Tur, ya hau doki yana watsa zinariya da azurfa. Ko taku ɗaya na ƙasa ba a ƙara masa ba, da takobinsa ya ci ta. Suna yake nema, don talakawansa Rumawa su ga mulkinsa halas ne. Har kuɗin zinariya da sunan sarkin gabas Farankawa suke bugawa, kafin jikansa Tiyudabat ya sa nasa.

Wata baiwar Allah kuma ta tambayi ma'anar "inuwar giginya, na nesa ka sha". Giginya doguwa ce, inuwarta can nesa take sauka, shi ya sa ake faɗa wa mai kyautata wa bare ya bar nasa. In an ja ta kaɗan, ta hau kan sarakunan nan, don daga nesa suka sha inuwar Kustantiniya. Amma da Sarki Jastiniyan na Kustantiniya ya turo sarkin yaƙinsa Belisariyas da runduna a 535, magadan Tiyodorik suka shekara kusan ashirin suna yaƙi, Italiya ta suɓuce musu.