Tambayoyinku kan lafiya: kwanakin asibiti bayan dashen ɓargo

Tambaya: Assalamu alaikum. An sa wa maigidana ranar dashen ɓargo saboda sankarar jini, an ce zai yi kusan wata guda a keɓaɓɓen ɗaki. Wace irin wahala zai sha, kuma ta yaya za a rage masa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba shi lafiya. Dashen kansa ba tiyata ba ne. Ƙwayoyin asali na jini, wato waɗanda ke samar da sabon jini a cikin ɓargo, ake ɗura masa ta bututun da aka sa a babbar jijiyar ƙirji, yadda ake ƙarin jini. Idan daskararru ne, maganin da aka adana su da shi zai sa numfashinsa ya yi warin tafarnuwa kwana ɗaya ko biyu, wannan ba abin tsoro ba ne.

Wahalar tana zuwa ne daga kemoterafi, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, mai ƙarfi da ake ba shi kafin dashen don a share tsohon ɓargo. Ranar dashe ake kira rana ta sifili, daga ita ake ƙirge. Mafi tsanani yawanci tsakanin rana ta 5 zuwa ta 14 ne, lokacin da tsofaffin fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cututtuka suka ƙare, sababbin ba su fara aiki ba.

Abin da ya fi galabaitar da marasa lafiya shi ne gyambon baki da maƙogwaro, domin maganin yana lalata fatar cikin baki har zuwa hanji. Wani ko yawunsa ba ya iya haɗiyewa. Ya riƙa kurkure baki da ruwan gishirin da asibiti ke bayarwa sau 4 zuwa 6 a rana, ya yi amfani da buroshi mai laushi sosai, ya guji ruwan kurkurar baki mai sinadarin giya. Idan maganin kemoterafin da za a ba shi melfalan ne, tsotsar ƙanƙara tun kafin a fara ɗura shi har bayan an gama tana rage gyambon, saboda sanyi yana tsuke jijiyoyin baki, maganin da ke isa wurin ya ragu. Kada kuma ya ji kunyar neman mofin, wato maganin rage ciwo mai ƙarfi. Mutane da yawa suna daurewa don tsoron jaraba, alhali na 'yan kwanaki ne, kuma gyambon yana warkewa da zarar fararen ƙwayoyin sun dawo.

Sai zazzaɓi, wanda ba a wasa da shi. Zafin jiki ya kai digiri 38, ko ya ji rawar sanyi, a kira nas nan take ko da tsakar dare ne. Za a ɗebi jini don awo, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya. Kada ki ba shi farasitamol da kanki, yana ɓoye zazzaɓin. Duk mai shiga ɗakin ya wanke hannu, mai mura kuwa ya haƙura da ziyara.

Tambaya: Ƙanwata tana rana ta 8 da dashe. Ba ta cin abinci, ga gudawa, amma kullum sai an ɗora ta a sikeli. Mene ne amfanin hakan? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, awon nauyin yana da dalili babba. Idan nauyi ya ƙaru kwatsam, tare da ciwo a saman ciki ta dama da rawayar ido, alama ce ta toshewar ƙananan jijiyoyin hanta, matsalar da ta fi fitowa cikin makonni 3 na farko. Gano ta da wuri shi ne rabin maganinta.

Gudawar kuma kada a tsayar da ita da magani sai an auna bayan gida, don wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta a wasu lokuta. Idan ɓargon wani aka dasa mata, gudawa mai ruwa da ƙuraje a tafin hannu da na ƙafa suna iya nuna cewa sababbin ƙwayoyin sun fara kai wa jikinta hari, sai a sanar da likita.

Game da abinci, kada ku matsa mata. Ɗanɗano yana canzawa, warin abinci mai zafi yana tayar da zuciya. Kaɗan-kaɗan sau 6 ya fi babban kwano sau 3, a sha maganin amai rabin awa kafin ci. In ta kasa gaba ɗaya, akwai abincin da ake bayarwa ta bututun hanci ko ta jijiya.

Tambaya: Kwanciya ce ta fi, ko motsi?

Amsa: Motsi, gwargwadon hali. Tafiyar minti 10 sau biyu ko uku a rana, ko zama a kujera maimakon gado, tana rage kasala da ciwon huhu. A ɗage labule da rana don barcin dare ya daidaita. Amma ranar da ƙwayoyin da ke tsayar da jini suka yi ƙasa sosai, a tambayi nas kafin a tashi, domin faɗuwa a irin wannan rana tana iya jawo zubar jini a ciki.