Na'urar tafin hannu a wurin aiki, da gaske tana taɓa jini?

Tambaya: Malam, an kawo mana sabuwar na'ura a ofis, sai ka ɗora tafin hannu a samanta kafin ƙofa ta buɗe, da ita kuma ake lissafin lokacin zuwa da tashi. Ana ta cewa haskenta na ƙona jini, wasu ma sun ce tana gano cutar da ke jikin mutum ta kai wa oga. Ina da juna biyu, hankalina ya tashi.

Amsa: Hajiya ki kwantar da hankalinki, babu abin da zai same ki ko abin da ke cikinki.

Wannan maganar jinin kullum sai na ji ta, wallahi har ta ishe ni. Hasken da na'urar ke fitarwa dangin na rimot ɗin talabijin ne, ido ba ya ganinsa, kuma ba irin na hoton ƙashi da ake yi a asibiti ba ne balle a ce ya yi wa jiki illa. Jinin da ke cikin jijiyoyin tafin hannu yana shanye hasken, sai jijiyoyin su fito baƙi-baƙi a kyamara, na'urar ta mayar da tsarinsu lambobi ta gwada da wanda aka ajiye ranar rajista. Shi ke nan aikinta. Ba ta zuƙar jini, ba ta auna suga, ba ta san mai ciki ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu cewa wai tunda ta nuna musu koren haske kullum to jininsu lafiya lau, har mai hawan jini ya fara wasa da maganinsa saboda ƙofa ta buɗe masa, don Allah ina haɗin ƙofa da likita? Tun 2004 bankuna a Japan suke amfani da irin ta kamfanin Fujitsu, Amazon ma ya fito da tasa a 2020, amma wani da bai taɓa buɗe cikinta ba sai ya zauna yana tsorata mata masu ciki.

Inda ya kamata ki sa ido shi ne bayanan. Kalmar sirri in an sace sai a canza, jijiyar hannu kuwa ba a canza ta. Masu sayarwa su ma suna zuzutawa wai ba a iya yaudararta, alhali a 2018 a Jamus wasu masu bincike biyu sun nuna hannun kakin zuma da ya ruɗi irin waɗannan na'urori. Ba abu ne mai sauƙi ba, amma ya faru.

Ki je wajen masu kula da ma'aikata ki tambaye su a rubuce: ina ake ajiye bayanan, cikin na'urar ne ko a kwamfutar wani kamfani, waye ke iya gani, kuma za a goge ranar da kika bar aikin? Ki tambayi yadda ake yi in ta ƙi karanta hannu da safe, kar a rubuta miki latti a yanke albashi kan laifin inji.