Me ya sa kulob ke barin gwarzonsa ya tafi kyauta?

Tambaya: Malam, kullum muna musu a gidan kallonmu da ke Daura. Yaya Barcelona ta bar Messi ya koma PSG ba a biya ta ko sisi ba? Ni dai ina ganin wulaƙanci ne. Daga wani mai karatu, Daura.

Amsa: Ɗan'uwa, na fahimci zafin da kake ji, amma lissafi ne ya ci su. Kwantiragin Messi ya ƙare ranar 30 ga Yuni, 2021. Tun hukuncin kotun Turai na 1995 da ake kira hukuncin Bosman, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare a Turai yana iya tafiya inda ya ga dama, tsohon kulob ɗinsa ba ya karɓar komai.

Ita kuwa hukumar La Liga tana duba kuɗin shigar kowane kulob da bashinsa, sannan ta yanke masa iyakar abin da zai kashe kan 'yan wasa. Wanda ya haura, ba za a yi wa sabon kwantiraginsa rajista ba. Messi ya yarda a zaftare rabin albashinsa, duk da haka shugaban Barcelona, Laporta, ya ce idan Messi ya zauna, albashin 'yan wasa zai cinye kashi 110 cikin ɗari na kuɗin shigar kulob ɗin, ga bashin yuro biliyan 1.35. Ina ganin laifin na shugabannin baya ne, da suka yi ta sayen irin su Coutinho da Dembele da tsada kamar ba gobe.

PSG ma ba a banza ta same shi ba. Ta biya kuɗin sa hannu da albashi mai kauri.