Asalin kalmar "profiteering" da ma'anarta

Malam, ka tambayi inda kalmar "profiteering" ta samo asali, da kuma ko daidai take da cin riba. Ba daidai suke ba. Tushenta "profit" ne, wato riba, wadda Ingilishi ya aro daga tsohon Faransanci, shi kuma daga Latin "profectus", ma'ana ci gaba. Ɗafin "-eer" shi ya kawo zargin, kamar yadda yake a "racketeer", wato mai neman kuɗi ta hanyar zamba ko barazana.

Kalmar ta yaɗu ne lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, sa'ad da wasu 'yan kasuwa suka azurta kansu da tsadar abinci da kayan soja. A 1919 majalisar Birtaniya ta kafa doka mai wannan suna.

A Hausa, "cin ƙazamar riba" ya fi dacewa. Misali, mai gidan mai ya rufe famfo da rana, da dare ya sayar wa 'yan bumburutu ninki biyu.

Kada ka haɗa ta da kuɗin ruwa, ko da tsadar da faɗuwar naira ta jawo. Sharaɗinta shi ne cin gajiyar ƙuncin jama'a. In takardar kotu ko kwangila kake fassarawa, tuntuɓi lauya, domin ma'anarta a doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.