Tambaya da Amsa: Fitilar siwic ɗina ta ƙi komawa kore

TAMBAYA: Salam malam, dan Allah siwic uku na Cisco gare mu a ofis, na haɗa kowanne da kowanne da kebul saboda in ɗaya ya yanke aiki kar ya tsaya, to sai na ga fitilar fot ɗaya ta tsaya ruwan lemo ta ƙi komawa kore. Abokina ya ce in kashe STP kawai za ta gyaru, in kashe?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kar ka soma wallahi, fot ɗin nan lafiyarta ƙalau, STP ne, wato tsarin da ke hana saƙo yin ta zagaye tsakanin siwic da siwic, ya toshe ta da gangan. Haɗin da ka yi ya zama zobe, kuma saƙon Ethernet ba shi da TTL, wato wa'adin rayuwa, irin na saƙon IP da zai ƙare ya mutu, to in ka kashe STP saƙo ɗaya na neman adireshi kamar ARP zai yi ta zagaye yana ninkuwa siwic na miƙa wa siwic har tebur ɗin MAC, wato jerin adireshin na'urori da siwic ke riƙewa, ya rikice, fitilu su kama ƙyaftawa tare, kowa ya rasa netwok cikin daƙiƙu kaɗan. Matsalar da Radia Perlman ta magance kenan a 1985, daga baya IEEE ta mai da shi 802.1D a 1990.

Abin da ya kamata ya dame ka shi ne waye shugaba. Siwic ɗin suna aika wa juna saƙon STP da ake kira BPDU duk daƙiƙa 2 su zaɓi rut, wato shugaban, mai ƙaramar lambar priority shi ke ci. In ba ka taɓa komai ba duk 32768 gare su, sai a koma duba MAC, kuma sau da yawa tsohon siwic da aka jefa a lungu shi ke da ƙaramin MAC, sai ka ga duk zirga-zirgar ofis ta bi ta kansa, haba. Zaɓi da kanka: a babban siwic rubuta spanning-tree vlan 1 priority 4096, a mataimakinsa 8192, lambar sai ta zama ninkin 4096 in ba haka ba ba zai karɓa ba. In kana da VLAN da yawa, wato ka raba netwok ɗin gida-gida, ka yi wa kowanne.

Sannan ka koma spanning-tree mode rapid-pvst a dukkansu, tsohon STP yakan ci daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya buɗe hanyar ajiya, sabon kuwa, wato RSTP na 2001 da wannan umarnin ke kunnawa, kusan nan take.

Fot ɗin da kwamfuta ko firinta ke ciki sa musu portfast, mai buɗe fot nan take ba jira, da bpduguard, shi kuma ranar da wani ya zo da ƙaramin siwic ɗinsa ya cusa ƙarƙashin tebur fot ɗin za ta rufe kanta da zarar ta ga BPDU. Amma fa banda kebul ɗin da ke tsakanin siwic da siwic, nan kam ba a sa portfast.

In ka gama buga show spanning-tree ka tabbata babban ne rut, sai ka zare kebul ɗaya bayan an tashi aiki ka ga ko mai ruwan lemon ta koma kore.