Gwaggo, Me Ya Sa Ake Ambaton Ishaku da Rifkatu a Addu'ar Ɗaurin Aure?

'Yata,

Saƙonki ya iso, sai da na karanta shi sau biyu kafin na zauna ba ki amsa. Kin ce a darasin shirin aure fasto ya nuna muku addu'ar da za a yi muku ranar ɗaurin aure, kika ga ana roƙon Allah ku zauna da aminci kamar yadda Ishaku da Rifkatu suka zauna. Da kika koma gida kika buɗe Farawa sura 27, kika tarar da mace tana ƙulla wa mijinta yaudara bayan idanunsa sun dushe. Shi ne kike tambaya ko wannan al'ada tana da tushe, ko kuwa ki roƙi fasto ya cire sunayen. Na ji daɗi ƙwarai da kika buɗe Littafin da kanki. Amma kada ki sa a cire, bari in gaya miki dalili.

Al'adar tsohuwa ce. Tana cikin littafin addu'ar Cocin Ingila tun na shekarar 1549, tana kuma cikin na 1662 wanda ya bazu duniya, har da wata addu'ar da ke ambaton albarkar da Allah ya sa wa Ibrahim da Saratu. Waɗanda suka tsara ta sun san sura 27 sarai. Abin da ake dubawa shi ne, a cikin kakannin bangaskiya uku, Ishaku kaɗai ya tsaya ga mace ɗaya. Ibrahim ya ɗauki Hajaratu tun Saratu tana da rai, Yakubu ya haihu da mata huɗu. Ishaku kuwa ya auri Rifkatu yana da shekara 40, ba su ga haihuwa ba sai da ya kai 60. Ki ƙirga, shekara 20 ke nan gida babu kukan jariri. A gidan da ya tashi ya san hanyar da iyayensa suka bi da haƙuri ya ƙare, ya kuma ga abin da hanyar ta haifar, don yana ƙarami aka sallami Isma'ilu da uwarsa Hajaratu zuwa jeji. Bai bi ta ba. Littafin ya ce ya yi roƙo ga Ubangiji saboda matarsa. Wannan shi ne amincin da ake roƙa muku, kuma ni ma shi nake roƙa miki.

To, amma abin da ya dame ki yana nan, ba zan share shi ba. A ganina ma shi ne ya fi amfani ga mai shirin shiga ɗaki.

Babu auren da ya fara da kyau a Tsohon Alkawari kamar nasu. Baran Ibrahim ya tafi da raƙuma 10, ya yi addu'a a bakin rijiya, kafin ya rufe baki ga budurwa da tulu a kafaɗa. Da aka tambaye ta ko za ta bi mutumin nan, ta ce za ta tafi. Ishaku ya ƙaunace ta, ya sami ta'aziyya bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ina ne ruwa ya shiga jirgin?

Tsaga ta farko a Gerar take. Tsoro ya kama Ishaku, ya ce wa mutanen garin Rifkatu 'yar'uwarsa ce, don kada a kashe shi saboda kyanta. Abin da mahaifinsa ya yi ke nan har sau biyu, a Masar da kuma a Gerar ɗin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai da sarki Abimelek ya leƙa ta taga ya gan shi yana wasa da ita, asiri ya tonu, sarkin ya tsawata wa mutumin Allah. Na sha tunanin yadda zuciyar mace take kwana bayan ta ga mijinta ya sa ta gaba don ya tsira da ransa. Ku biyun duka za ku shigo aure da abin da kuka gada a gidajenku, mai kyau da marar kyau, kuma wanda ba a kira sunansa ba shi ne yake maimaita kansa.

Tsaga ta biyu ita ce babba. Tun tagwayensu, Isuwa da Yakubu, suna ciki Ubangiji ya gaya wa Rifkatu cewa babban zai bauta wa ƙaramin. Ki nemi inda ta zaunar da mijinta suka tattauna wannan magana, ba za ki samu a rubuce ba. Abin da za ki samu shi ne aya ɗaya mai ɗaci: Ishaku yana ƙaunar Isuwa saboda naman farauta, Rifkatu kuwa tana ƙaunar Yakubu. Gida ya rabu biyu, kowa ya riƙe ɗansa. Ranar albarka, Ishaku ya kira Isuwa shi kaɗai, bai shawarci matarsa ba. Ita kuma tana laɓe tana ji. Taku kaɗan ne tsakaninta da shimfiɗarsa, da ta shiga ta ce, maigida, ka tuna abin da Allah ya faɗa. Maimakon haka ta aika a kamo 'yan awaki biyu, ta rufe hannuwan Yakubu da wuyansa da fata, ta sa masa tufafin wansa. Da yaron ya ji tsoro, ta ce la'anar ta faɗo a kanta.

Ki duba ayar ƙarshe ta sura 27, nan ne abin ya fi taɓa ni. A nan kaɗai ta yi wa Ishaku magana a dukan surar, kuma ko a nan ba ta faɗi ainihin abin da ke ranta ba. Ta ji Isuwa yana shirin kashe ƙaninsa, amma abin da ta kai wa mijinta shi ne ta gaji da matan Hittiyawa, kada Yakubu ma ya auro irinsu. Gaskiya ce, sai dai ba ita ce ta hana ta barci ba. Ta ce wa Yakubu ya je wurin ɗan'uwanta Laban na 'yan kwanaki. 'Yan kwanakin suka zama shekara 20, kuma Littafin bai sake nuna uwa da ɗa sun haɗu ba.

Ni ma na taɓa zama Rifkatu, shi ya sa nake rubuta miki da zafi haka. Akwai shekarar da ɗaya daga cikin 'yan'uwanki ya shiga wata matsala a makaranta, na rufa masa asiri, na biya abin da ya lalata ba da sanin marigayi maigidana ba. Na ce wa kaina ina kāre zaman lafiya ne. Wata uku ina kallon mutumin nan yana addu'ar safe yana gode wa Allah saboda natsuwar yaron, ni kuwa kaina a sunkuye. Daren da na gaya masa, yana zaune a bakin gado yana kwance igiyar takalminsa. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu, ya daɗe bai ce komai ba. Da ya buɗe baki bai yi maganar yaron ba. Cewa ya yi, "Ashe tsorona kike ji?" Na yi kuka a daren nan irin wanda ban yi ba ko ranar da aka kai ni gidansa. Shi ma ya amsa nasa laifin, cewa saurin fushinsa ne ya sa ake kewaye shi. Daga ranar muka yi alkawari, maganar yara ba za ta kwana a cikin ɗayanmu ba.

Kada kuma ki ɗauka da zarar miji da mata sun haɗa baki shi ke nan. Hananiya da matarsa Safiratu, a Littafin Ayyukan Manzanni, bakinsu ɗaya ne. Sun sayar da fili, suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka shirya abin da za su faɗa wa manzanni. Mijin ya yi ƙarya a gaban manzo Bitrus, ya faɗi matacce. Bayan kamar awa 3 da mutuwar mijin ta shigo, Bitrus ya ba ta dama ta faɗi gaskiya, ta maimaita ƙaryar. Ranar da mijinki zai nemi ki tayar masa da ƙarya, biyayyarki ga Ubangiji ce a gaba, kuma ƙin da za ki yi ƙauna ce gare shi. Haka shi ma a kanki.

Ga shi kuma abin da za ki nuna wa angonki. Elkana yana ƙaunar matarsa Hannatu da gaske, amma da ya same ta tana kukan rashin haihuwa, sai ya tambaye ta ko bai fi mata 'ya'ya maza 10 ba. Niyyarsa kyakkyawa ce, sai dai ya amsa kukan kafin ya saurare shi. Bitrus, a wasiƙarsa ta fari sura 3, bayan ya ba mata misalin Saratu, nan take ya juya ga maza ya ce su zauna da matansu da fahimta, su girmama su, don kada addu'arsu ta toshe. Mutane sukan karanta rabin farko su rufe littafi. Ku karanta har aya ta 7.

Akwai wurin da nakan koma idan labaran nan suka yi mini nauyi. Da Saratu ta rasu tana da shekara 127, Ibrahim, wanda ya taɓa kiranta 'yar'uwa don tsoro, ya zauna ya yi kuka dominta, ya sayi kogon Makfela a kan shekel 400 na azurfa don ya binne ta. Da Yakubu zai mutu a Masar, ya lissafa waɗanda ke kwance a kogon: Ibrahim da Saratu, Ishaku da Rifkatu, da Lai'atu. Ishaku da Rifkatu, bayan duk abin da ya faru, wuri ɗaya aka kwantar da su. Lai'atu kuwa, matar Yakubu, wadda ta haifi 'ya'ya uku tana sa musu suna da begen mijinta zai juyo gare ta, a na huɗu ta ce wannan karon Ubangiji za ta yaba, ta kira shi Yahuza. Ta zuriyar wannan yaro Almasihu ya zo. Ki buɗe Matiyu sura 1 ki ga irin gidajen da Allah ya bi ta cikinsu, har da matar Uriya wadda sarki Dawuda ya ƙwace. Bai amince da zunubinsu ba, sun kuwa girbi abin da suka shuka, amma bai janye alkawarinsa ba.

Kafin ranar, ki nemi yamma ɗaya ke da angonki, ku karanta Farawa sura 24 zuwa 27 da murya, kuna karɓa-karɓa. Idan kun gama ki tambaye shi wane hali ne na gidansu yake tsoron kawowa gidanku, ke ma ki faɗa masa naki, kada ki rage. Ki rubuto mini yadda kuka yi. Ki gaishe mini da mamanki, ki ce mata ina nan tafe tun ana saura mako guda.

Gwaggonki