Fatar kifi a kan gyambo: gaskiya ne ana yi?

Tambaya: Likita, salamu alaikum. Mahaifina yana da ciwon sukari, gyambon ƙafarsa ya kai wata huɗu bai warke ba. Na ga bidiyo a Facebook ana liƙa wa majinyaci fatar kifi a kan rauni. In na sayi karfasa wurin masuntan Madarumfa zan iya sa masa? Daga wata mai karatu a Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da kika gani gaskiya ne, amma don Allah kada ki sa masa ɗanyar fata.

Abin da ake nema a fatar shi ne kolajin. Kin san shi ko da ba ki san sunansa ba: in kika dafa ƙafar saniya, romon ya huce ya daskare, aikinsa ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin jikinmu shi ne, yana cikin fata da ƙashi da jijiya. In aka shimfiɗa shi a kan rauni, ƙwayoyin halittar jiki sai su bi shi su yaɗu kamar yadda duma yake bin danga, ƙananan hanyoyin jini su ratsa, sabon nama ya tsiro.

Yawanci daga shanu da alade ake samunsa. Maganar alade ba sai na faɗa miki ba. Shanu kuma, tun da aka gano cutar haukan shanu a Birtaniya a 1986 ake ɗari-ɗari da su. Shi ya sa masu bincike suka juya ga fata da ɓawon kifi, kayan da ake zubarwa. A ƙasar Aisilan, kamfanin Kerecis yana sarrafa fatar kifin teku da ake kira kod, kuma Amurka ta amince da ita wajen jinyar raunuka a 2013. A birnin Fortaleza na Barazil kuwa, fatar karfasa, irin tamu ɗin nan, likitoci suka gwada a kan masu ƙuna, aka ga yawan canza bandeji ya ragu, azaba ma ta ragu.

Amma kolajin kifi yana da nasa naƙasu. Tataccen kolajin kifin ruwan sanyi yakan fara lalacewa a zafin da bai wuce digiri 15 zuwa 20 ba, jikin mutum kuwa 37 ne, don haka sai an ƙarfafa shi. Na karfasa ya fi jure zafi. Wanda cin kifi ke sa masa borin jini kuma ba a sa masa.

Duk fatar da kika gani an wanke ta da sinadarai, an kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinta, an rufe ta a leda mai tsabta. Ɗanyar fatar da za ki samo a bakin tafki ɗauke take da ƙwayoyin cuta, ƙafar mai ciwon sukari kuwa ba ta da ƙarfin yaƙarsu. Abin da nake ji wa Baba tsoro shi ne a kai ga yanke ƙafa.

Ki kai shi asibiti a auna sukarinsa, a duba ko jini na isa ƙafar, a kankare mataccen naman, ya kuma daina taka wurin. Ko inda ake da fatar kifin, sai an yi waɗannan tukuna take kamawa. In gyambon ya fara wari, ko ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya kama Baba, a tafi yau, kada a jira gobe.